Ranar da Aka Jawo Sarkin Ruwa da Igiyar Guga

A Garin Dado, can cikin kwarin Tarka, inda ruwan da mutane suka fi sani shi ne wanda suke hangowa a ƙasan rijiya mai gaba arba'in, an yi wani mutum wai shi Gajere, wanda ya ce shi ne Sarkin Ruwa. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya naɗa kansa, kuma da yake ba mai neman sarautar, sai aka bar masa.

Asalin abin kuwa, shekarar babbar yunwa, shekara goma sha ɗaya kafin wannan labari, Gajere ya bi ayarin masu jakuna ya yi gabas neman abinci. Bayan wata biyu ya dawo da ɗaurin bandar kifi a kansa. Yana shigowa gari wani ya tambaye shi, "Gajere, kai ka kama?" Da ya ce a kasuwa ya samo, da tuni an manta. Sai bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "To, da wa zai kama mini?"

Shi ke nan. Tun daga ranar kifin nan yake girma. A shekara ta uku ya kai jaki, a ta bakwai sai da aka kawo raƙumi ya ɗauke shi, kuma raƙumin ma da ƙyar ya tashi. Gaskiyar magana, Gajere ko ƙyallin tafkin Cadi bai taɓa gani ba. Wata kasuwa ya tsaya, tafiyar kwana uku kafin ruwa, ya yi dako aka biya shi da banda. Matarsa Lantana kaɗai ta san haka, ita kuwa ta rufe bakinta.

Gonar Gajere ba ta da girma, ba shi da saniya, ba shi da raƙumi. Abin da ya mallaka a duniya sunan nan ne. Saboda shi ake matsa masa a tabarmar dattawa a gindin gawo, saboda shi baƙi ke cire takalmi su gaishe shi. In aka ƙwace masa sunan, sai dai ya koma gajeren mutumin nan mai gona kusa da juji.

To, bayan gari akwai tafki. Damina ta cika shi, in an gama girbi ruwan ya ja baya, sai samarin garuruwa uku su sa ranar su, wato ranar kamun kifi. Su share bakin ruwa, su kira makaɗa, su gayyato kowa da kowa. Yadda ake yi ba wuya: a kora shanu cikin ruwa su dama laka, gaiwa da tarwaɗa su taso neman numfashi, a bi su da kwando da hannu. Amma gefe-gefe kawai ake bi. Tsakiya ba mai zuwa, don Gajere ya ce akwai rami a wurin wanda ya huda ƙasa ya fita a Cadi, kuma ta nan wani tsohon kada, abokin gabarsa, yake biyowa yana nemansa. Ya ƙirƙiro wannan ne shekarar farko da aka ce ya shiga ya nuna gwaninta. Tun daga nan kowace ranar su sai bayansa ya riƙe, ya zauna a inuwa yana gyara wa masu kamu kuskure.

Shekarar da Nasara suka sa aka fara sharar hanyar mota ta Tanut, samari suka yi sabon Sarkin Samari, Lawali, mai ladabi a fuska, mai tsini a harshe. Ana saura kwana uku su, ya zo gindin gawo ya durƙusa gaban Gajere.

"Baba, yaya bayan?"

"Garau, ɗan nan. Kamar na ɗan shekara ashirin."

"Alhamdulillahi! Ku shaida, dattawa. Samari sun ce bana Baba ne zai buɗe mana su. Amma in bayan ya sake tashi gata, ba komai, mu ba za mu wahalar da tsoho ba. Sai mu hutar da shi, mu nemi wani Sarkin Ruwan."

Mai gari Attahir ya duƙar da kai yana jan carbi, amma gemunsa na rawa. Da wani mai hankali ne, da ya nemi hanyar zamewa. Gajere kuwa ya daɗe yana ba da labarin nan har shi kansa ya fara tuna sanyin ruwan Cadi a ƙafarsa. Ya miƙe, ya bugi ƙirji.

"Buɗe su? Irin wasan lakar nan da kuke yi da shanu? Kai yaro, tsakiya zan shiga! In ciro uban kifin da ke ƙasan ramin, in kadan nan ya leƙo mu ƙarasa tsohuwar maganarmu."

"Da ƙafa za a shiga, Baba?"

"Da jirgi! Da koma! Da mashi! Za ku ga yadda ake su a inda ruwa yake ruwa."

A Garin Dado kaf ba jirgi, ba koma, wato ragar kamun kifi, ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya, har da mai maganar. Wannan bai dame shi ba, tunda ba mai iya cewa ya yi ba daidai ba.

Koma ce ta fi sauƙi. Ya ciro ragar da ake ɗaure harawa a bayan jaki, wadda ɗan akuya zai iya ratsa idonta bai taɓa igiya ba. Ya ɗaɗɗaura mata duwatsu a baki, ya tsaya tsakar gida don gwaji. Ya juya sau ɗaya, ya juya sau biyu, ya saki. Raga ta tashi, ta haye danga, sai aka ji ƙara da fashewar tukunya a gidan maƙwabciyarsu, tsohuwa Mairama.

"Wayyo! Wane la'ananne ne ya kama ni?"

Gajere ya leƙa ta kan danga. Ga Mairama a zaune cikin raga, miyar kuka ta wanke mata zane, kaza na fafutika a kanta.

"Iya, kada ki motsa, ina duba yadda ta rufe ne. Kin ga? Ko kunnenki bai fita ba."

"Zan fitar da naka kunnen, gajeren banza! Ni kifi ce?"

"A'a, Iya. Kifi ba ya zagi."

Sai da Lantana ta kai mata rabin miyarsu kafin unguwa ta lafa.

Mashi kuma sai wurin Aghali, Buzun da ya sauka da dabbobinsa a bakin rijiya. Gajere ya same shi yana ban ruwa da baƙin sansa, Duna. Aikin Duna ɗaya ne shekara tara: a ɗaura masa igiyar guga, a buga masa gindi, ya miƙe ya yi tafiyar gaba arba'in cif, daidai zurfin rijiyar, guga ya iso baki, ya tsaya, ya juyo. Ba ya ƙara taku, ba ya ragewa, ko wuta ce a gabansa.

Gajere ya kalle shi ya girgiza kai. "Dabba ba wayo. Kullum gaba arba'in, kullum gaba arba'in. Duniyarsa ke nan."

Aghali ya gyara rawaninsa. "Haka ne. Amma bai taɓa ce mini ya je inda bai je ba."

"Me kake nufi?"

"Sa nake yabo, aboki. Ga mashin. Wajen tsinin shi ne gaba."

Saura jirgi. Duk garin abu ɗaya ne zai ɗauki mutum a kan ruwa, shi ne masakin Lantana, ƙatuwar ƙwaryar da ta gada wurin uwarta. Ba suna, ba biki da za a yi a Garin Dado ba a dama fura a cikinsa ba. Lantana ba ta bari ko kaza ta gifta kusa da shi. Gajere ya same ta tana tankaɗe, ya fara kewaye-kewaye.

"Uwar Balki, masakin nan kuwa ba ya son ya ɗan sha iska?"

"A'a."

"Ai ban faɗi komai ba tukuna."

"Na ji abin da ba ka faɗa ba, mai gida. A'a." Ta ajiye rariya, ta rage murya. "Ka ce bayan ya tashi. Wa zai kashe ka? Ni na san iyakar ruwan da ka taɓa shiga, na alwala ne."

"Ke mace ce, ba ki san sha'anin sarauta ba."

"Na san sha'anin masakina. Ka taɓa shi, ni da kai ne."

Ranar su, da hantsi, Lantana ta ɗauki ƙaramar ƙwarya ta tafi bakin tafki sayar da fura. Tana fita Gajere ya shiga ɗaki. Ya zura babban bujensa, wandon nan mai faɗin hantsa da ya yi aure da shi, ya yafa raga a kafaɗa, ya soke muciyar tuwo a ƙugu don tuƙi, ya riƙe mashi, ya kife masaki a kansa.

Matsalar ita ce masakin ya sauko masa har ƙirji. Ba ya ganin komai sai yatsun ƙafarsa. Haka ya nufi tafki, ya yi karo da rumbun mai gari ya ba shi haƙuri, ya gaida wani jaki da "ranka ya daɗe", har makaɗa suka hango shi suka taho suka sa shi a tsakiya.

Bakin tafki ya cika maƙil. Garuruwa uku sun fito, ga Fulani da shanunsu, ga Buzaye a kan raƙuma, ga mata da kwanduna. Lantana na cikin auna fura ta ɗaga kai, ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Jama'a, masakina ne wancan yake tafiya da ƙafafu?"

Ta yunƙura, amma ina! Kalangu ya ɗauka, mata na guɗa, maroƙi na kirari: "Na Cadi, mijin Lantana! Kada ya gan ka ya koma rami!" Ba matar da za ta ratsa taron nan ta tuɓe wa mijinta jirgi daga ka. Ta koma ta zauna, ta haɗe fuska, ta naɗe hannu.

Gajere ya sauke masaki a bakin ruwa, ya shiga, ya naɗe ƙafafu, ya ɗaga muciya. "Bismillahi! Ku matsa, kada igiyar ruwa ta kwashe ku!"

Jama'a suka ja baya. Ya tuƙa. Masaki bai motsa ba. Ya sake tuƙawa da ƙarfi, laka ta fantsama a rigar mai gari. Jirgi dai na zaune daram a kan taɓo, ruwan wurin bai kai idon sawu ba.

Lawali ya matso. "Baba, ko a tura?"

"A Cadi ma turawa ake yi. Sai yanzu kuka tuna?"

Samari huɗu suka kama, suka ja shi cikin ruwa har gwiwa, suka haɗa ƙarfi suka wurga shi. Masaki ya tafi suuu, kuma ga mamakin kowa, har da na cikinsa, ya yi iyo. Bakin tafki ya ɗauki sowa. Gajere ya ji kansa ya yi girma, ya kama tuƙi da muciya, amma ta gefe ɗaya kawai. Masaki ya fara juyawa. Ya ƙara ƙarfi, masaki ya ƙara juyi. Jama'a su ga fuskarsa, su ga ƙeyarsa, su ga fuskarsa, su ga ƙeyarsa.

"Baba, ina aka nufa?" in ji Lawali.

"Gaisuwar ruwa ce!" Ƙeya. "Sai an gaida gabas!" Fuska. "Da yamma!" Ƙeya. "Jahilai!"

Da juyi da iska da ikon Allah, ya isa tsakiya. Kaɗe-kaɗe suka tsaya. Mata suka rufe baki. Ga mutum a kan ramin da ya huda ƙasa.

Gajere ya miƙe tsaye, kansa na jiri, masaki na rawa. Ya ɗauko raga ya juya kamar yadda ya yi a gida. Wannan karon ba ta haye komai ba, ta tashi sama sak, ta buɗe da kyau, ta dawo ta rufe mai ita. Duwatsun suka ƙwanƙwashe shi a gwiwa. Yana kokawar fitar da kai sai ya ga wani abu dogo, baƙi, ya gifta a ruwa ya shige ƙarƙashin masaki. Uban kifi! Bai yi wata-wata ba, ya ɗaga mashi da hannu biyu, ya auna daidai inda kifin yake, ya caka da duk ƙarfinsa.

Ya auna daidai kuwa. Abin da ya manta shi ne tsakaninsa da kifin akwai gindin masaki.

Ƙarar ta isa har bakin ruwa. Lantana ta runtse ido. Gajere ya zare mashi, ruwa ya yi tsiri ya buge shi a haɓa. Ya cusa hularsa a ramin, ruwa ya turo ta. Ya zauna a kai, tsagar ta ƙara buɗewa. Masaki ya karkata, ya juye shi, ya tafi gefe abinsa.

Ruwan tsakiyar tafkin, da za a auna, bai wuce cinyar mutum ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai lakar da ba a taɓa takawa ba shekara goma sha ɗaya, kuma Gajere gajere ne. Ya nutse har ƙugu a laka, ruwa ya kawo masa wuya. Garin fafutika zariyar bujensa ta saki, wando ya buɗe baki kamar buhu. Ya yi maza ya kamo zariya ya ɗaure tamau, don mutuwa daban, tsiraici gaban garuruwa uku daban. Bai san ya ɗaure da baƙo a ciki ba.

Abu mai sanyi, mai santsi, ya naɗe masa cinya. Sannan ya cije shi.

"Kada! Wayyo Allah, kada! Ya kama ni!"

Kafin ya rufe baki bakin tafki ya watse. Makaɗa suka zubar da ganguna, shanu suka yi daji, mata suka suri 'ya'ya. Mai gari, da ake cewa ƙafa ta hana shi zuwa gona, ya riga kowa hawa tudu. Shi kansa Lawali, da ya shirya abin don ya ƙure tsoho, sai ga shi a kan reshen aduwa, ƙaya ko ba ƙaya.

"Ku zo ku cire ni! Lawali! Ɗan albarka!"

"Baba, ai tsohuwar maganarku ce za ku ƙarasa! Mu yara ba ma shiga maganar manya!"

Abin ya sake cizo. Laka na ja. Gajere ya duba tudu, ya ga mutum ɗari uku, ba wanda zai sa ko yatsa a ruwan nan, kuma ya san wanda ya hana su. Nan ido ya raina fata. Ya auna sunansa, ya auna ransa, ya buɗe murya.

"Babu rami! Jama'a, babu rami! Ƙasa nake takawa! Ƙarya na yi!"

"To me ya kama ka?" in ji mai gari daga tudu.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe, amma ba kada a nan! Ni na ƙirƙiro shi!"

"Gajere, shekara goma sha ɗaya kana cewa akwai shi. Yau da ya riƙe ka kake cewa babu?"

Tsohuwa Mairama ta share hawaye. "Allah sarki, zafi ya taɓa masa hankali. Na yafe maka miyata, Gajere! Ka yi shahada!"

"Ban taɓa ganin Cadi ba! Wallahi ban taɓa ba! A kasuwa aka ba ni kifin! Dako na yi! Ku tambayi Lantana!"

Duk aka juya. Lantana ba ta gudu ba, tana zaune inda take kusa da ƙwaryar furarta. Ta tashi a hankali, ta ɗaure zane a ƙugu. Aghali, wanda shi ma bai gudu ba don ya zo da Duna shan ruwa, ya miƙo mata bakin igiyar guga da ke ɗaure a jikin san. Ta karɓa, ta shiga ruwa.

Mata suka ɗauki salati. Wata ta rangaɗa guɗa. "Kun ga mace! Za ta mutu tare da mijinta!"

Lantana ta ratsa, ruwa a gwiwa, ruwa a cinya, tana taka gefen ciyawa inda ƙasa ke da ƙarfi. Gajere ya miƙo hannu biyu, hawaye na zuba. "Uwar Balki! Na san ba za ki bar ni ba!"

Ta wuce shi.

Ta je ta ɗauko masakinta, ta ɗaga shi sama, ta leƙa rana ta cikin ramin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kife shi a ka, ta dawo, ta zarga wa mijinta igiya a ƙarƙashin hammata, ta ja ƙulli har sai da ya yi ƙara.

"Ya yi tsauri, uwar Balki!"

"Na sani." Ta juya wajen tudu. "Aghali, buga masa!"

Aghali ya buga wa Duna gindi. Duna ya sunkuyar da kai ya miƙe. Igiya ta ɗaure, laka ta yi wata irin tsotsa, Gajere ya fito fit, ya taho a kan ruwa da ciki, raga na biye da shi. Jama'a suka yi kabbara.

Sai dai daga tsakiyar tafki zuwa baki gaba goma sha biyar ne. Duna kuwa arba'in ya sani.

"Ya isa! Na fito! Tsayar da shi!"

Aghali na tafe a gefe, hannu a baya. "Ba ya tsayawa, aboki. Guga bai iso ba."

"Ni ba guga ba ne!"

"Shi bai sani ba. Ka ce ba shi da wayo."

Gajere ya ratsa taɓon bakin ruwa. Ya ratsa inda shanu suka tsaya tun safe, ya kwashi abin da suka bari. Ya bi ta kan gangunan da aka zubar, kowace ta yi ƙara. Ya shiga filin ƙarangiya ta wannan gefe ya fita ta wancan, ya zama kamar bushiya. Ya hau tudu, jama'a na darewa, ya wuce ƙarƙashin aduwar da Lawali ke kai. A gaba na arba'in cif, daidai gaban mai gari, Duna ya tsaya, ya juyo, ya tsaya yana jiran a juye guga.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, don wandon Gajere na motsi. Hantsar buje ta kumbura, ta lafa, ta yi wani gurnani. Mutane suka ja baya. Lawali ya sauko, ya ɗauki sanda, ya ɗaga ƙafar wandon da ta yage. Sai ga gaiwa ta sulalo, ƙatuwa, tsawonta ya kai hannun mutum har kafaɗa, ta faɗi a ƙasa tana buɗe baki.

Mairama ce ta fara. Daga nan tudu ya rushe. Mutane na faɗuwa, suna riƙe ciki, Buzaye na dariya cikin rawani har raƙuma suka tsorata.

Gajere, da yake hali ba ya barin mai shi, ya ɗaga kai daga ƙasa. "Kun gani? Da wando ake kama manya. A Ca..."

"A ina, Baba?" in ji Lawali.

Gajere ya mayar da kai ƙasa.

Aka yi su a ranar har tsakiya, inda aka daɗe ba a shiga ba, aka kwashi kifin da ba a taɓa gani ba a Garin Dado. Amma ba wanda ya kai na cikin wandon. Al'ada kuwa, wanda ya fitar da babban kifi daga ruwa shi ake ɗaura wa farin ƙyalle. Lawali ya tsaya gaban taro ya tambaya, "Wa ya fitar da wannan daga ruwa?" Garuruwa uku suka amsa baki ɗaya. Aka ɗaura wa Duna ƙyalle a ƙaho, maroƙi ya yi masa kirarin Sarkin Ruwa. Duna ya ci gaba da tuƙa abinsa. Gajere kuwa kafin la'asar yara da manya sun sa masa Guga, kuma sunan ya bi shi.

Da yamma yana kwance rub da ciki a tsakar gida, Lantana na cire masa ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya. Masaki na jingine a bango, rana na shigowa ta raminsa. Da Gajere ya yi magana, muryar ta yi ƙasa, har ta ba ta tausayi.

"Shi ke nan, uwar Balki. Gobe ba mai matsa mini a tabarma. Ba ni da komai."

Ta cire ƙaya, ta yar. "Kwana nawa ka yi a hanya, shekarar yunwa, daga kasuwar nan zuwa gida?"

"Ashirin."

"Da ƙafa. Da kifi a ka. Guda nawa ka ci?"

"Ko ɗaya. Ai naku ne."

"Ka shigo gidan nan ƙafarka na jini, Balki na kwance ba ta iya ɗaga kai. Da romon kifin nan ta tashi. Ga ta can yau da 'ya'ya biyu." Ta ja wata ƙayar da ƙarfi, ya yi ƙara. "Kana da labari irin wannan, ka ajiye shi, ka je ka ɗauko kada. Saboda tafiyar nan na yi maka shiru shekara goma sha ɗaya, sakarai."

Gajere ya goge ido da gefen tabarma. Can ya ɗago, fuskarsa ta fara haske.

"Kwana ashirin fa. Ko talatin ne? Kuma kuraye sun biyo ni. Ɗauri bakwai a kaina..."

"Ɗaya."

"Uku."

"Ɗaya, mai gida." Ta miƙo masa basilla da zaren kaba, ta turo masa masaki gabansa. "Ranar Laraba akwai suna gidan Mairama. Ka ɗinke wannan ramin tukuna, shi kam kowa ya ga kai ka yi shi."